Gwajin Dabo Dillali

A karar shanu ta Mai'aduwa, in ka ce Dabo ba sai ka ƙara da sunan uba ba. Dillali ne, dogo, siriri, idonsa na hagu ya fi na dama ƙanƙancewa saboda yawan kanne shi yana duban haƙoran shanu. Abokan sana'arsa suna yi masa tsiya cewa ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta kafin ya amsa. Ba ya jin haushi. Yakan ce wanda ya yarda da kowa a gaban alƙali zai yi wuni, kuma ya san abin da yake faɗa.

A wani ƙauye gabas da Zango aka haife shi, cikin Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya. Yana saurayi ya shigo Daura ya bi wani kawunsa dillanci. Bai daɗe da fara cin gashin kansa ba wani dattijo mai fara'a, da carbi a hannu, ya kawo masa karsana ya ce sauri yake yi, matarsa ce a asibiti. Dabo ya tausaya, ya sayar masa da ita tun kafin rana ta yi zafi. Ashe karsanar sata ce. Aka tasa ƙeyarsa har gaban alƙali, kuma ko da yake an wanke shi, mahaifinsa ya daɗe bai ɗaga ido ya dube shi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar Dabo ya daina jin magana da kunne, sai da ido.

Abin ya amfane shi, ba za a ce bai amfane shi ba. Shekara da shekaru ba a sake kama dabbar sata a hannunsa ba, har ya zama in gardama ta ƙi ƙarewa a kara shi ake kira. Yana da dabara guda da kowa ya san shi da ita. In mutum biyu suka yi jayayya a kan maraƙi, kowa na cewa ɗan saniyarsa ne, Dabo ba ya sauraron rantsuwa. Sai ya ɗauke maraƙin ya kai turkensa ya ɗaure, ya sa a saki shanun, ya koma gefe ya zauna. Wadda ta biyo maraƙi tana kuka, ita ce uwar. Yakan ce mutum na ƙarya, amma ƙafa ba ta yi.

Matsalar ita ce bai san inda kara ta ƙare gida ya fara ba.

'Yarsa ta fari sunanta Amatullah, sai dai ba a taɓa jin sunan a bakinsa ba. A gidansu haka aka gada: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya yi masa tambaya ido da ido. Ita ma in za ta gaishe shi daga bakin ƙofa take durƙusawa, kanta a ƙasa, ya amsa yana kallon bango. In zai ambace ta sai ya ce yarinyar nan. Da uwarta ta rasu, ƙanwarsa Haulatu, wadda ita ma mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ta riƙe ta, kuma ita ta zama gadar da magana ke bi tsakanin uba da 'ya. Wanda bai san al'adar ba zai ce Dabo ba ya son yarinyar. Nan kuwa duk cikin 'ya'yansa ba wadda yake ji har cikin ransa kamarta. Kunya ce kawai, irin ta mutanen da.

Da ta gama sakandare ta sami gurbin jami'a a Zariya, 'yan'uwansa suka taru a zaure suka ce mace da yin nisa haka ba tsari ba ne. Dabo ya saurare su har suka gaji, sannan ya ce a bar ta ta tafi. Amma ya yi musu alkawari, kuma shi ba ya magana biyu: duk ranar da bokon nan ya jawo masa abin faɗa a gari, ranar za ta ajiye shi, ko da saura kwana ɗaya ta gama.

Digirin farko bai ba shi wahala ba. Kimiyyar sinadarai ta karanta, kuma in ta zo hutu yakan ga farar rigarta a kan igiya da tabon wani abu ruwan ɗorawa a hannu, tana wani wari kamar na asibiti. Wannan ya gane. Aiki ne mai tabo da wari, kamar kowane aikin gaskiya. Da ta koma digiri na biyu ne abubuwa suka fara rikice masa.

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aikin nan, Amatullah ta dawo gida da wani baƙin akwatin kwamfuta, babba, wanda malaminta ya ba ta aro don kada aikinta ya tsaya. Wutar unguwarsu kuwa ba a yi mata alkawari, in ta zo da hantsi kafin azahar ta yi gaba. Sai ta ɗauki injin ta kai shagon Callistus, mutumin kudu mai sayar da batir da sola a kusa da tasha, wanda ya daɗe a Daura har 'ya'yansa sun fi wasu 'yan gari iya Hausa. A shagonsa wuta ba ta ɗaukewa. Ya ba ta wani lungu a ciki, ta jona injin, ta shiga zuwa dubawa safe da yamma.

Dabo ya sa Haulatu ta tambayo masa wane irin karatu ne wannan da ba a yi a gida. Haulatu ta je ta dawo da abin da kanta ya iya ɗauka. Wai akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda kowane abu da su aka yi shi, wasunsu in haske ya sauka a kansu sai su sha shi su mayar da shi da wani launi dabam. Ita yarinyar tana so ta san wace ƙwaya ce za ta fi iya wannan, don a yi fitilu da faifan sola da ita. Kuma wai ba sai ta haɗa komai a kwalba ba, injin ne ke lissafa yadda ƙwayar za ta yi tun ba a ƙera ta ba, lissafin kuma yakan ɗauki makonni yana tafiya shi kaɗai.

Dabo ya jinjina kai ya ce to. A ransa kuwa ya shiga juya maganar. Sinadari ba kwalba, ba wari, ba tabo. Lissafin abin da babu shi. Mai nazarin haske, amma a lungun shagon da ko taga babu. Kuma in injin shi kaɗai yake aikinsa, ita me take zuwa yi? Da walakin, goro a miya.

Da an bar shi da zuciyarsa ma da ta ishe shi, sai ga Badaru. Badaru abokin dillancinsa ne, mutum mai son a ce shi ya fara ji. Bayan sallar la'asar ya ja Dabo gefe, ya yi ta kewaye-kewaye, wai shi ba ya son shiga abin da ba ruwansa. Daga ƙarshe ya ce ana ganin yarinyar wajensa tana shiga shagon nan kullum, kuma Callistus yana da ɗa saurayi da yajin aikin ya dawo da shi gida. Ya ce shi bai ce an yi wani abu ba, amma yanzu zamanin shari'a ne, gara uba ya ji a bakin abokinsa da ya ji a bakin 'yan Hisba. Dabo ya yi masa godiya a taƙaice. Yana tafiya gida alkawarin da ya yi a zaure yana yi masa nauyi a ƙirji, don ya san in maganar nan ta tabbata, da hannunsa zai rufe karatun 'yarsa.

Washegari ya zauna wajen mai shayin da ke kallon shagon, ya juya baya kamar mai sauraron rediyo. Ta gefen ido ya ga ta zo cikin dogon hijabi, ta gaisa da matar Callistus da ke zaune a bakin kantar shagon, matar ta faɗi wani abu, Amatullah ta yi dariya har da riƙe baki. Wannan dariyar ta soke shi. Bai taɓa jin ta ba, don a gabansa ba ta dariya, kuma bai taɓa tunanin cewa tana da ita ba. Ta shiga ciki, kafin ya shanye shayinsa ta fito. Ya ce a ransa wane karatu ne ake yi cikin ɗan wannan lokaci. Da ta daɗe kuma da cewa zai yi me ya zaunar da ita. Mai zargi ba a yi masa daidai.

Da ya koma gida ya sake kiran Haulatu da wata tambayar. Haulatu ta gaji da aike. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta ce, "Yaya, 'yarka ce fa. Ga ta can a tsakar gida. In wani abu ke damunka ka kira ta ka tambaye ta, bakinka ba zai zube ba."

Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Ke kin taɓa jin Baffa ya tambayi Yaya Amadu wani abu da bakinsa?"

Haulatu ta san gaskiya ne, mahaifinsu har ya koma ga Allah bai taɓa tambayar ɗan farin nasa komai da bakinsa ba. Ta tashi ta je, ta dawo da ƙarin bayani. Wai akwai wata farfesa a ƙasar waje da ta ga aikin yarinyar ta yaba, ta ce in sakamakon wannan lissafin ya iso mata kafin ƙarshen wata za ta ɗauke ta digiri na uku. Lissafin ya kusa kammala. Abu ɗaya ne dai, kada a kashe injin, kada a taɓa shi, har sai ya gama.

Haulatu ta zaci wannan zai kwantar masa da hankali. Ai nan ne ma ya tashi. Sauri ake yi, kuma kada a taɓa. Dabo ya san waɗannan kalmomi biyu tun yana saurayi. Duk wanda ya taɓa kawo masa dabbar da ba tasa ba, da su ya zo: lokaci na ƙurewa, kuma ba sai an buɗe bakinta ba. Bai ce 'yarsa maƙaryaciya ce ba, ko a ransa bai iya faɗin haka ba. Cewa ya yi ƙila ita ma ruɗarta ake yi. Amma tambayarta ba zai iya ba, yarda da maganar aike kuma ba halinsa ba ne. Abu ɗaya ya rage masa, wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Zai ɗauke maraƙi ya kawo turkensa. In injin take bi, za ta zauna a gida. In kuwa ta ci gaba da zuwa shagon, to ya san ba don injin ba ne.

Ya jira ranar da Haulatu ta tafi da ita ta'aziyya Zango. Da hantsi ya tari adaidaita sahu ya nufi tasha. Callistus ya tarbe shi da murna, ya jawo masa kujera, ya ce yau babban baƙo gare shi. Dabo bai zauna ba, ya ce a nuna masa kayan yarinyar.

Lungun ƙarami ne, batura jere a ƙasa, fanka na hura akwatin, akwatin kuma yana wani gurnani a hankali. A kan allon lambobi ne ke ta hawa sama, a gefe guda kuma ga wani zane kamar 'yan duwatsun wuya da aka haɗa da tsinke. Kujera ɗaya ce tak. Ƙofar ma ba ta da murfi, daga inda matar Callistus take zaune ana ganin komai. Ɗan saurayin kuwa, da Dabo ya tambaya a fakaice, aka ce tun farkon damina yana Kano wajen kawunsa. Duk Dabo ya gani, ya ji. Mutum mai sauƙin zuciya da nan ya juya. Shi kuwa ya ce a ransa shirin ya yi kyau da yawa.

Da ya ce zai tafi da injin, fuskar Callistus ta canza. Ya sha gabansa, ya haɗa hannuwa.

"Alhaji, don Allah ka bari. Ta ce in ya mutu yanzu, aikin zai lalace. Saura kaɗan. Bari in kira ta a waya ka ji da bakinta."

"Kayan nan naka ne ko na gidana?"

"Na gidanka ne, Alhaji."

"To matsa."

Roƙon nan da Callistus ya yi da zuciya ɗaya shi ya ƙarasa tabbatar wa Dabo cewa akwai abin da ake ɓoyewa. A saninsa inji inji ne, kamar rediyo, ka kashe a nan ka kunna a can ya ci gaba da magana. Ya sunkuya ya bi wayar da hannu har bango, ya zare ta. Allon ya yi baƙi, gurnanin ya lafa ya tsaya. Callistus ya ɗora hannu a ka. Shi ya taya shi ɗauka ma har cikin adaidaita, don ba ya so a buga shi.

Dabo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ya ajiye injin a kai da lallami, ya rufe shi da sabon mayafi don ƙura. Sannan ya koma ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida ya zauna yana jan carbi.

Bayan la'asar suka dawo. Amatullah ta ɗaga mayafin, ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta durƙusa a inda take, ta fuskanci Haulatu, ko da yake mahaifinta na nan taku kaɗan daga gare ta.

"Goggo, ki tambayar mini Baba laifin da na yi."

Dabo ya dubi kututturen dalbejiya. "Ki ce mata kayan gidan nan a gidan nan suke kwana."

"Ki ce mashi na ji." Sannan ta ƙara da cewa, "Ki ce mashi da ya ce in kai shi ya gani, da na kai shi."

Da aka kawo wuta washegari ta kunna injin, ta zauna a gabansa har wutar ta ɗauke. Daga baya Haulatu ta zo ta gaya masa, ba tare da ta zauna ba, cewa abin da injin ya adana ya lalace saboda yadda aka yanke masa wuta, sai dai a faro daga farko, kuma ko yau aka faro ba zai kai ƙarshen wata ba. Dabo ya ji, amma bai ɗauke ta da nauyi ba. Hankalinsa na kan gwajinsa.

Ya sa ido. Kwana ya bi kwana, Amatullah ba ta taka hanyar tasha ba. Ko ƙofar gida ba ta leƙa ba sai in an aike ta. Saniya ta bi maraƙi. Kuma a faɗi gaskiya, abin da Dabo ya fara ji daɗi ne, daɗi mai yawa, irin wanda ya daɗe bai ji ba. 'Yarsa tsarkakakkiya ce, karatunta ba zai tsaya ba, ba wanda zai tuna masa alkawarin zaure. Ya sami Badaru a kara ya wanke shi tas a gaban mutane, ya ce in ya sake jin sunan gidansa a bakinsa sai sun haɗu a kotu. Ya dawo gida da tsire a takarda, abin da bai saba ba.

Sai ya aika Haulatu ta ce mata ta mayar da injin shagon, shi da kansa zai kai, ko kuma a kira Callistus ya kafa mata sola a nan gida. Amsar ta dawo a taƙaice. Tana godiya, Allah ya ƙara girma, amma lokaci ya wuce. Ta rubuta wa farfesar ta nemi a ƙara mata lokaci, an ce ba hali, an ba wani ɗalibi gurbin.

A nan ne abin ya sauka masa. Ya zauna a zaure shi kaɗai, ya rasa inda zai sa kansa don baƙin ciki. Ya sami amsar da yake nema, kuma da abin da ya fi komai daraja a wurinta ya saye ta. Ya so ya tashi ya je ƙofar ɗakinta ya ce ta yafe masa. Ya miƙe ma, ya kai tsakar gida, sai ƙafarsa ta kai shi wajen randa ya sha ruwan da ba ya jin ƙishinsa. Bakin da bai iya tambaya ba, ina zai iya roƙon gafara. Da Babbar Sallah ta zo ya ware mata rago nata na kanta, mafi kyau a cikin waɗanda ya kiwata. Ta aiko Haulatu da godiya.

Da aka janye yajin aiki ta koma Zariya, ta sake lissafin, ta gama digirinta da sakamako mai kyau. Ta sake neman wajen farfesar a shekara ta gaba, aka ce babu gurbi, daga nan maganar ta mutu. Yanzu tana koyarwa a wata kwaleji a Katsina, tana yin digiri na uku a nan gida a hankali, yadda wuta da lokaci suka bari. Ta yi aure, mijin kuma Dabo bai sami abin kushewa a jikinsa ba, duk da ya nema. Shi kuwa gwiwa ta hana shi zuwa kara, sai dai matasan dillalai su zo gida neman shawara, ya riƙa gaya musu kada su yarda da mai sauri.

Ba ta taɓa yi masa maganar ba, ko ta bakin Haulatu. Tana zuwa duk hutu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa shadda da maganin gwiwa. Har ya fara gaya wa kansa cewa ta manta.

A wani zuwa da ta yi, ta taho da ƙaramar kwamfuta irin ta jaka, ta kunna ta a tsohon ɗakinta ta bar ta tana aiki. Da hantsi aka aiko an yi haihuwa a maƙwabta. Dabo na zaune a tsakar gida ya ga ta fito da hijabinta, ta jawo ƙofar ɗakin, ta buɗe jaka ta ciro sabon kwaɗo. Ta datse ƙofar, ta ja kwaɗon ta tabbatar ya kama, ta jefa makullin a jaka. Sannan ta durƙusa da ladabinta na kullum ta ce wa Goggo ta gaya wa Baba za su shiga barka. Tare da Haulatu za su fita, ba wanda zai rage a gidan sai shi.

Ya ce a dawo lafiya. Bayan sun fita ya daɗe yana kallon ƙofar, zuciyarsa na ƙuna. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne bai ga laifinta ba. Da shi ne, abin da zai yi ke nan.